Minti Na Tara

Ran da Barma ya zo rumfata a bayan Kasuwar Dole,
ba gero ya kawo ba, ba dawa ba.
'Yar na'ura ce a tafin hannunsa, da igiya a kunne.
Ya ce, "Tanimu, tada injin."
Na ce, "Bel ya saki, sai gobe."
Ya ce, "Sakin nake so."

Ya tsuguna cikin ƙurar gari har gemunsa ya yi furfurar aro.
Ya ɗauki kukan ƙarfe, da cizon haƙoran da suka cinye,
ya bi layin famfo ya ɗauki karon jarkoki ba ruwa,
da gurnanin kabu-kabu a kan hawa,
da ajiyar zuciyar firji in kuran ya ɗauke.
Da dare ya hau duwatsun Birni
ya tara wa iska kwano.

Ba kalangu, ba gurmi, ba amshi, ba wanda aka wasa.
Mutane suka ce hauka ce ta samu lasifika.
Ni dai daren da ya tura mini a waya
kan buhuna na kwanta, na ji har kiran assalatu.
Shekara goma sha bakwai ina tsaye gaban injin nan,
ban san yana numfashi ba.

Kuma a minti na tara, can ƙarƙashin rugugin,
akwai tarin tsohuwata.
Fura ta kawo mini ranar,
ta tallafo ƙwaryar da dungun hannuwanta biyu.
Ba mai ganewa. Ni na gane.

Bara, ko arba'in ɗinta ba mu yi ba,
sai ga Barma a rediyo,
kana jin amon sabuwar shadda a muryarsa.
Wai Kara-Kara gyambo ce a ƙafar Damagaram,
a kawo katafila a kankare,
wai jinin kutare ba ya haifar ɗan kirki.
Aka tafa masa. Na ji tafin.

A Kara-Kara aka binne cibiyata.

Fadarmu ta rabu biyu a kan shayi.
Ari ya ce, "Goge! Rijiyar da aka ga mushe ciki, wa zai sha?"
Nafi'u mai gyaran rediyo ya ce,
"Majemi wari yake, amma ban ga wanda ya ƙi takalmi ba."
Ari ya ce, "Wari daban, dafi daban."
Suka dube ni.
Na ce shayin ya yi sukari da yawa.

Sau uku na kai yatsa zan goge.
Daga baya na tafi wurin Nafi'u,
na ce ya yanko mini ita kaɗai, ya zubar da sauran.
Ya yanko. Muka kasa kunne.
Tari ne kawai, siriri, irin na kowace tsohuwa.
Ashe rugugin ne ya goya ta.
Ashe shi ya sassauta ƙarfen a daidai wurin,
ya buɗa mata hanya ta wuce,
kamar yadda ake yi wa babba a zaure.
Kunnen da ya yi wannan
da bakin da ya yi wancan,
kai ɗaya ke ɗauke da su.

Na rasa inda zan sa wuƙar.

Shekaranjiya yaron gidansa ya kawo niƙa, tiya biyar.
Na niƙa, gero bai zage ni ba.
Na amshi kuɗina, ban ce a gaida shi ba.

Sunansa na cire daga wayar, na rubuta "Injina."
Na san ƙarya ce rabi.
Ban yafe ba, kada a ce na yafe.
Amma in kasuwa ta watse na rufe rumfa,
nakan kunna tun daga farko, ba na tsallakewa,
in haƙura da minti takwas na mutumin nan
har ta yi tari,
in ce, "Sannu, Inna."